Ba Girin-girin Ba: Wane Jirgi Ya Dace da Dira da Laima a Ƙasar Rima?

Wannan ɗan rubutu ya samo asali ne daga wata gardama da ta ɓarke a ɗakinmu na kwana wani daren Alhamis. Wani abokin karatunmu ne ya nuna mana hoton bidiyo a wayarsa, inda sojojin laima ke zubowa daga cikin wani ƙaton jirgi, ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce ana sheƙar gero. Da muka gama kallo sai ya bugi ƙirji ya ce duk duniya babu jirgin da ya dace da wannan aiki sai wannan, watau Hercules, sauran kuwa duk tarkace ne. Ni kuwa na ce ban yarda ba, aƙalla dai ba a ƙasarmu ta Wurno da Rabah da Goronyo ba. Nan fa aka yi mini ca. Wani ya ce me ɗan Wurno ya sani game da jirgin sama, in ban da wanda yake hange sa'ad da yake ban-ruwan albasa? Wani kuma ya ce mu da aka turo mu nazarin waƙa da karin magana, ina ruwanmu da fiffike da farfela? Daren nan ban sami bakin kare kaina ba, domin sun fi ni yawa, sun kuma fi ni murya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, tun da shi ba a katse masa hanzari.

Maganar na biyun nan ita ta fi yi mini ciwo, don haka da ita zan fara. A tawa fahimta, harshen da ba a iya yin gardamar jirgin sama da shi ba, to, masu shi ne suka ɗaure shi a turken tatsuniya, ba shi ya gaza ba. Malamanmu sun sha gaya mana cewa kalma ba ta samuwa sai an bukace ta. To, ga bukata ta zo. Bahaushe ya riga ya san sojan laima, ya kuma san laimar da ake sauka da ita, wadda wani Bafaranshe mai suna Garnerin ya gwada a bainar jama'a a birnin Faris cikin 1797, tun kafin a ƙera jirgin sama. Abin da ya rage mana shi ne mu rarrabe iri biyu na wannan aiki. Akwai wanda zan kira dirar igiya, inda ake ɗaure igiyar laima a jikin jirgi, da mutum ya faɗo sai igiyar ta fizge laimar ta buɗe da kanta. Wannan ita ce ta mafi yawan sojoji, kuma daga ƙasa-ƙasa ake yin ta, kimanin ƙafa 1,000 daga doron ƙasa. Akwai kuma wanda zan kira dirar sake, inda jirgi ke hawa ƙafa 12,000 zuwa 14,000, mutum ya faɗo sakaka yana keta iska da gudun da ya kai kilomita 200 a sa'a, ya yi kusan minti guda a haka, sa'an nan ya buɗe laimarsa da hannunsa, ya tuƙa ta zuwa inda ya nufa. Laimar wannan mai kusurwa huɗu ce, tana jin linzami kamar doki, gwani kuwa yakan iya sauka da ita a kan fili da bai fi tsakar gida ba.

Mai karatu zai ce, to, ina amfanin wannan ga talakan Rima? Ai wasan 'ya'yan masu kuɗi ne. Lalle a Amurka da Turai da Dubai galibi wasa ne, kuma ban zo don in yi wa wasa kamfe ba. Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne abin da na gani ina ɗan shekara goma.

A ƙarshen azumin 2010, cikin watan Satumba, Gulbin Rima ya yi cikar da dattawanmu suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Madatsar Goronyo, wadda aka gama ginawa cikin 1984, aka yi ta don ta riƙe ruwa sama da mita-murabba'i-uku miliyan 900, ta tumbatsa. Ruwa ya share gonakin shinkafa da gero, ya narkar da gidajen ƙasa kamar gishiri, ya gangaro ta Wurno har ya je ya yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ƙanwar mahaifiyata tana aure a wani ƙauye cikin fadama. Su da maƙwabtansu suka hau wani tudu da awakinsu, suka kwana huɗu ba mai zuwa ba mai fita, don igiyar ruwa ta fi ƙarfin ƙananan kwalekwale. Abinci suna da ɗan abin da suka tsira da shi. Abin da ya ci su shi ne gudawa da ta kama yara, saboda ruwan ambaliya suke sha. Da aka kai gare su an riga an binne biyu. Tun daga ranar nake tunani, abin da mutanen tudun nan suke bukata ba tan ashirin na hatsi ba ne. Ma'aikacin lafiya guda suke bukata, da kwali biyu na magani da sinadarin tsabtace ruwa, a ranar farko. Daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na III kuwa zuwa tudun nan, ko rabin sa'a ƙaramin jirgi ba zai yi ba.

Kada a ɗauka mafarki nake yi. Tun 1940 Amurka take da ma'aikatan kashe gobarar daji waɗanda ake jefawa da laima inda mota ba ta zuwa, Rasha ma tana da irinsu. Abin lura kuma shi ne, ba da manyan jiragen yaƙi suke wannan aiki ba. Matsakaita suke hawa, irin su Twin Otter da Dornier 228, Rashawa kuwa sun daɗe suna amfani da tsohon jirginsu An-2 mai inji ɗaya. Mu ma ƙasarmu tana da ranakun da hanya ke yankewa. Rabah tana bakin Gulbin Sakkwato, wanda ke gangarowa daga madatsar Bakolori, Wurno da Goronyo kuwa suna kan Rima, wadda ke kwaso ruwan Gulbin Maraɗi da Bunsuru da Gagare. Duk shekarar da damina ta yi nauyi, hankalin kowa a tashe yake.

Yanzu sai mu koma ga jirgin kansa. Ba kowane jirgi ne ake dira daga cikinsa ba, kamar yadda ba kowane doki ake hawan salla da shi ba. Abu na farko ƙofa ce. Dole ta kasance mai faɗi, wadda mutum goye da laima biyu, ta aiki da ta ko-ta-kwana, zai fita ba tare da wani abu ya sarƙe ba, kuma dole masu ƙirar jirgin su yarda cewa yana iya tafiya ƙofar tana buɗe. Sai matsayin fiffike da wutsiya. Jirgin da fukafukansa ke saman gangar jikinsa ya fi, domin mai dira yana ganin ƙasa sarai, ya san inda zai faɗa. Wutsiya kuwa ita ce abar tsoro, don da mutum ya saki ƙofa iska baya take jefa shi, in jirgi yana gudu da yawa ko yana cikin hawa, sai ya je ya yi karo da ita. Saboda haka ake son jirgin da zai iya rage gudu ƙwarai ba tare da iska ta sake shi ba.

Akwai kuma maganar rinjayen nauyi, wadda ke kashe mutane, kuma ita ce ɗan Rima zai fi saurin ganewa. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwalen fito ranar kasuwa ya ji yadda mai fito ke tsawa kada kowa ya motsa daga inda aka zaunar da shi, domin in mutane suka taru a gefe guda, shi ke nan. Jirgin dira ya fi kwalekwale haɗari ta wannan fuska, don shi dole ne fasinjojinsa su tashi su nufi ƙofa, ƙofar kuwa galibi tana wajen wutsiya. In suka yi cincirindo a baya sai hancin jirgi ya ɗaga, gudu ya ragu, fiffike ya daina ɗaukarsa, ya juya yana faɗowa. A ranar 14 ga Yuli 2019 wani ƙaramin jirgi ƙirar GA8 ya faɗi kusa da garin Umeya na ƙasar Suwidin da mutum tara, babu wanda ya tsira. Masu bincike suka gano cewa nauyinsa ya wuce ƙa'ida, ya kuma rinjaya baya, sa'an nan ya shiga gajimare matuƙi ya daina ganin ƙasa. Ashe ko a ƙasar da ake ji da ita wajen bin doka, mangala in ta karkace sai jaki ya faɗi.

To, ina matsayin Hercules a duk wannan? Ba na musun darajarsa. Tun 1954 aka fara tashi da shi, har yau ana ƙera sababbinsa. Injinsa huɗu, yana ɗaukar sojan laima 64 da makamansu, ko kaya kusan tan ashirin, ga ƙofofi biyu a gefe, ga wata babba a baya da mota ke shiga. Rundunar Sojan Saman Nijeriya ta sayi nata tun 1975. Da irinsa ne Ingila ta yi ta jefa buhunan hatsi a Habasha lokacin yunwar 1984 da 1985, yana kuma cikin jiragen da Faransa ta zubar da sojojinta da su a Tambutu cikin Janairun 2013. In bataliya za a zubar, ko a ciyar da lardi guda, babu gardama, shi ne.

Amma fa wa ya taɓa ɗauko tirela don kai buhu biyu na tafarnuwa kasuwar Achida? Hercules yana shan mai sama da lita 2,500 a sa'a guda, yana bukatar ma'aikata huɗu ko biyar a ciki, ban da rundunar makanikai a ƙasa. Gudunsa lokacin zubar da mutane yakan kai kilomita 240 a sa'a, watau a kowace daƙiƙa yana shafe fiye da mita sittin. In mutum talatin suka fita jere, tsakanin na farko da na ƙarshe sai a sami kusan kilomita biyu. Wane tudu ne a fadamar Goronyo yake da wannan tsawo lokacin ambaliya? Ban da haka, 'yan ƙalilan ne muke da su, aikin soja kuma ya yi musu yawa. Dira kuwa sana'a ce ta maimaici. Ba a zama gwani da dira biyar, sai an yi ɗaruruwa, kuma wanda ya yi wata da watanni bai dira ba hannunsa ya yi sanyi. Jirgin da za a jira wata uku kafin a sami aronsa ba zai yaye ɗalibi ba. Kada kuma a ce yawan inji shi ne lamunin tsira. Ranar 26 ga Satumba 1992 Hercules ne ya faɗi a Ejigbo ta Legas jim kaɗan bayan tashinsa, injinansa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka rasa mutum sama da 150, galibinsu hafsoshi ne daga kwalejin Jaji. Allah ya jiƙansu.

A ɗaya ƙarshen kuma akwai ɗan ƙaramin Cessna 182, wanda ƙananan ƙungiyoyin dira na Amurka suka daɗe suna ji da shi. Mutum huɗu yake ɗauka ban da matuƙi, a takure kamar kaji cikin akurki, kuma da ƙyar yake jan jiki zuwa ƙafa 10,000. Yana da araha, gaskiya ne. Sai dai injinsa irin na fistin ne, mai shan wani fetur na musamman wanda samunsa a Nijeriya aiki ne, tsadarsa kuma ta wuce misali. Ita kanta Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1964, wahalar wannan fetur na cikin abin da ya sa ta koma sayen jiragen koyo ƙirar Diamond masu shan kananzir ɗin jirgi. In Zariya ta ji jiki, ina ga Wurno?

Jirgin da nake ganin ya dace da mu yana tsakanin waɗannan biyu, shi ne Cessna 208, wanda aka fi sani da Caravan. In Hercules tirela ne, to, wannan a-kori-kura ce, kowa kuwa ya san wace mota ce ke shiga ƙauyukan Gandi da damina. An fara tashi da shi cikin Disambar 1982, zuwa yanzu an ƙera fiye da 3,000. Fukafukansa a sama suke, ƙafafunsa ba sa naɗewa, saboda haka babu fargabar su maƙale, kuma an yi su da ƙwari don sauka a kan tsakuwa da turɓaya. Ƙofar kayansa tana bayan fiffike ta hagu, faɗinta da tsayinta kimanin ƙafa huɗu-huɗu, masu dira sukan cire ta su sa wata mai naɗewa sama kamar asabari. Mai dogon jiki daga cikinsu yana ɗaukar masu dira goma sha biyar ko fiye, ko kaya kimanin tan ɗaya da rabi. Yana iya rage gudu zuwa wajen kilomita 150 a sa'a lokacin fita, wanda ya sa mutum uku ko huɗu za su iya sauka wuri ɗaya. Injinsa guda ne, ƙirar PT6 ta kamfanin Pratt & Whitney na Kanada, kuma kananzir ɗin jirgi yake sha, irin wanda ake sayar wa jiragen fasinja da na alhazai, kimanin lita 200 a sa'a. Watau man da Hercules zai ƙone a sa'a guda ya ishi wannan ya wuni yana hawa yana sauka. Matuƙi ɗaya ya ishe shi, titin da bai kai kilomita guda ba ya ishe shi tashi. Ba kuma baƙo ba ne a wannan sashe, domin sojan saman Jamhuriyar Nijar sun karɓi irinsa cikin 2013, suka ƙara cikin 2015, suna yawo da su a yanayin da ya fi namu zafi da ƙura.

Maganar yanayi ita ce inda nake ganin abokan gardamata ba su yi tunani ba ko kaɗan, domin hoton da suka gani ba ya nuna zafi. Sakkwato tana kimanin ƙafa 1,000 ne bisa teku, amma a watan Afrilu, sa'ad da zafi ya haura awo 40, iska takan yi shara-shara, ta rasa kauri. A irin wannan rana jirgin da ke tsaye a kan titinmu ji yake kamar yana kan dutse mai tsawon ƙafa 4,500. Fiffike ba ya samun abin kamawa sosai, farfela ma haka, inji kuma numfashinsa ya ragu. Ɗan ƙaramin jirgi mai fistin da ya ɗauki mutum huɗu a sanyin Turai, a nan sai ya rage ɗaya, ya kuma yi ta fama kafin ya hau. Shi ma Caravan zafi yana taɓa shi, ba na ɓoye wannan, musamman mai tsohon inji na ƙarfin doki 675, wanda masu dira ke kuka da nawarsa wajen hawa. Saboda haka in za a saya, sai a nemi mai ƙarfin doki 867, a kuma rage lodi da tsakar rana. Ƙurar hunturu ma tana cin inji kamar yadda take cin maƙogwaro, shi kuwa PT6 an yi masa wata kafa a mashigar iskarsa wadda matuƙi ke buɗewa don karkatar da tsakuwa da yashi.

Sai dai akwai abin da babu jirgin da zai yi maganinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe ƙasa har jiragen fasinja su kasa sauka, wanda ba ya ganin ƙasa kuwa ba ya dira. Da bazara akwai guguwa, wadda mu muke kallo tana wasa da ledoji a fako, amma in ta sami laima kusa da ƙasa sai ta nannaɗe ta kamar tsumma. Da damina ga hadarin gabas da ke tasowa da la'asar, iskar gabansa tana ɗebe rufin ɗaki balle laima, alhali ɗan koyo ba a barinsa ya dira in iska ta wuce kilomita 22 a sa'a. Ke nan lokacin koyo na sosai shi ne kaka, Oktoba da Nuwamba, sai kuma safiyar sauran watanni kafin rana ta take. Wannan ma hujja ce a gare ni, don wanda lokacinsa kaɗan ne yana bukatar jirgin da ke kwana a gida, wanda za a tayar da asuba a yi sawu uku kafin hantsi. Filin sauka kuma sai an zaɓa da idon ɗan ƙasa. Baƙo zai hango gonar da aka girbe ya ce ga fili, bai san tushiyar karan dawa da aka sare a karkace tana tsaye kamar mashi ba. Fadama kuwa cike take da hanyoyin ruwa da rijiyoyin ban-ruwa. Fako ake nema, ko jigawa marar gawo da ƙaya, nesa da wayar lantarki, irin waɗannan kuwa Allah ya hore mana su a tudun da ke tsakanin Wurno da Rabah.

Bari in kawo sukar da na san za a yi mini, tun kafin a kawo ta. Za a ce inji ɗaya ne, in ya mutu fa? Tambaya ce mai nauyi. PT6 ya yi suna wajen aminci, amma babu ƙarfen da ba ya gajiya. Amsar da zan iya bayarwa ita ce, fasinjojin wannan jirgi kowa da laimarsa, in an yi nisa sama sai su fice, ƙasarmu kuma shimfiɗaɗɗiya ce, jirgin da ke iya sauka a hankali yana da inda zai dosa. Mintin farko bayan tashi shi ne babu dabara, a nan kam mai inji biyu ya fi. Wannan ne ya sa nake ganin Dornier 228 shi ne abokin takarar da ba a raina shi. Injinsa biyu, fukafukansa a sama, yana ɗaukar mutum 19, sojan samanmu sun daɗe da shi, akwai kuma waɗanda suka san gyaransa a Kaduna. Twin Otter ma, wanda da yawa daga masu dira ke ɗauka shi ne sarki, haka yake. Amma inji biyu baki biyu ne, ci biyu, jinya biyu. Ni kuwa na ga motocin asibiti nawa aka saya da biki suka ƙare a kan duwatsu saboda rashin kuɗin taya. Jirgin da za mu iya ciyarwa shekara goma ya fi mini wanda za mu yi taƙama da shi shekara guda.

Za a kuma ce ai jirgi mai saukar ungulu ya fi, tun da yana sauka ya kuma ɗauko marar lafiya, laima kuwa saukarwa kawai ta iya. Haka ne, na sallama. Wanda aka jefa a tudu yana nan sai kwalekwale ya zo. Amma mai saukar ungulu ya fi tsadar riƙo nesa ba kusa ba, zafi kuma ya fi karya shi. Wasu za su kawo zancen ƙananan jirage marasa matuƙi, irin waɗanda kamfanin Zipline ya fara kai jini da magani da su a Jihar Kaduna cikin 2022, waɗanda su ma da 'yar laima suke sakin kayansu. Ina maraba da su ƙwarai, sai dai abin da suke ɗauka bai wuce kilo biyu ba, kuma ba sa iya sa wa yaro ruwa a jijiya.

Suka ta ƙarshe ita ce ta tsaro, kuma ita ce ba ni da cikakkiyar amsarta. Duk wanda ya fito daga gabashin Sakkwato ya san abin da ya faru a Tabanni ta ƙasar Rabah cikin 2018, da kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021. Ba ruwa kaɗai ke yanke mana hanya ba. Jirgi mai tafiya a hankali ƙasa-ƙasa abin harbi ne, tun da a watan Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa Abayomi Dairo kuwa laima ce ta cece shi. Don haka ban ce a jefa malamin asibiti a Dajin Gundumi ba. Wannan fagen sojoji ne, su suka san jirgin da ya dace da shi. Abin da nake magana a kai shi ne jirgin koyo, da jirgin agaji a wuraren da ruwa ne kaɗai abokin gaba.

Abin da nake kira gare shi bai taka kara ya karya ba, in aka gwada shi da abin da ake kashewa wajen rabon tabarmi da bokiti bayan an gama binne mutane. Jihohin da Rima da Gulbin Sakkwato suka ratsa su haɗa hannu a kan jirgi ɗaya, ya zauna a Sakkwato. A nemi matuƙa daga waɗanda Zariya ta yaye, a roƙi sojojin Jaji, inda ake koyar da dirar igiya, su horar da rukunin farko. A zaɓo matasa goma sha biyu daga cikin ma'aikatan lafiya, a sa 'ya'yan Sarkawa a ciki, domin wanda zai sauka kusa da ruwa gara ya zama ya iya ruwa. Ranakun da babu dira, jirgin ba zai zauna banza ba: a mayar masa da kujeru ko gadon marar lafiya, ko a zagaya da shi a duba inda gulbi ya fara cin gaɓa. Mutanenmu ba baƙin ƙaramin jirgi ba ne, sun saba ganin mai feshin janbaki yana shawagi a kan shinkafarsu.

Abokina mai Hercules ya ji labarin ina wannan rubutu, ya ce zai ba ni amsa a fitowa ta gaba. Ina maraba da shi. Roƙona dai shi ne, ya zo da lissafin man da jirginsa zai sha daga inda yake kwana zuwa Goronyo da komawa, ya kuma nuna mana tudun da zai zubar da mutanensa 64.